Baba ya ƙi jin maganar annoba: rashin sani ne ko taurin kai?

Tambaya: "Likita, ina aiki a Abuja, iyayena suna Jos, a Unguwar Rogo. Mahaifina yana da shekara 74, ga hawan jini ga ciwon suga. Lokacin korona mun sha fama da shi. Ya ƙi takunkumi, ya ƙi allura, jana'iza kuwa ko ta wane ce sai ya je. Yanzu da na ji labarin zazzaɓin Lassa ko kwalara sai hankalina ya tashi. Ina tura masa saƙonni ta WhatsApp, in na kira sai ya ce, 'Kai yaro ne, wanda kwanansa bai ƙare ba babu abin da zai kashe shi.' Rashin sani ne ko taurin kai? Yaya zan yi da shi?"

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri kan kula da iyaye, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Fannina lafiyar al'umma ne, kuma yawancin shekarun aikina a nan Jos na yi su, don haka irin su Baba na zauna da su ba adadi, a ɗakin duba marasa lafiya da kuma kan tabarma a ƙofar gida. Abin da na gani shi ne, ba kasafai rashin sani ke hana dattijo kiyayewa ba, taurin kan ma ba shi ne kan gaba ba. Abin da muke nema a wurinsa ne ya yi tsada, mu kuma ba mu taɓa zama mun lissafa tsadarsa ba.

Mu fara da batun sani. Dattijon da rediyo ba ya barin kunnensa tun daga asuba, ya ji BBC Hausa, ya ji na Jamus, ya dawo tashoshin gida, ina tabbatar maka ya riga ka jin labarin annoba. Kuma ya ga abin da kai sai dai a ba ka labari. In ka je gida ka dubi dantsensa, mai yiwuwa ka ga tabon lamba, wato riga-kafin agana. Ya yi zamani da agana, ya san mutanen da ta huda wa fuska ko ta makantar, ya kuma ga ƙarshenta, domin a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an kawar da ita daga doron ƙasa. Ya san zamanin dubagari, lokacin da ake shiga gida a leƙa randa da masai. Yana da hankalinsa a 1996 da sanƙarau ya kashe mutum sama da 11,000 a ƙasar nan. Zazzaɓin Lassa da kake tsoro ma, tarihinsa a garinmu ya biyo. A farkon 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Laura Wine, daga garin Lassa da ke Borno zuwa asibitin mishan a Jos, a nan ta rasu, daga nan ne duniya ta fara sanin cutar. Shekara ta zagayo cutar ta ɓarke a asibitin Jankwano, har ta kashe Dakta Jeanette Troup wadda ta yanke a hannu tana binciken gawa. Baba yana saurayi a lokacin. To wanda ya ga duk wannan, in ka ce za ka koya masa mece ce annoba da saƙon waya, dole ya ce maka yaro.

Inda giɓin yake wurare biyu ne. Na farko, hanyar da kowace cuta ke bi ta shiga jiki. Da yawa daga cikin dattawanmu, da samarin ma, sun haɗa annoba duka a kwando ɗaya: "ciwo ne ke yawo a gari." Na biyu, kamannin da ciwo ke ɗauka a jikin tsoho, wanda ya bambanta da na yaro. Zan dawo kan duka biyun.

Kafin nan, ga wani abu da nake yawan tuna wa abokan aiki. A watan Yulin 2014 wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya shigo Legas da Ebola daga Laberiya. Farkon watan Agusta, cikin dare ɗaya, saƙo ya karaɗe ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Ka tuna wannan daren? Wayoyi suna ta ƙara tun kafin kiran assalatu. Tsofaffin da muke cewa ba sa jin magana, su ne suka fara tashi suka ɗora ruwa. Washegari asibitoci suka karɓi masu gudawa da waɗanda jininsu ya hau, har aka samu asarar rai, alhali Ebola ba ta ko kusanci Filato ba. Abin baƙin ciki ne, amma ni darasin da na ɗauka daban ne. Mutanen nan sun bi umarni nan take saboda abu uku: wanda ya kira su nasu ne, abin da aka ce su yi yana hannunsu, kuma bai taɓa mutuncinsu ba. Saƙon ƙarya ya cika sharuɗɗan nan uku. Saƙonmu na gaskiya sau da yawa ko ɗaya ba ya cikawa.

Duba abin da aka nema a wurin Baba a 2020. Kada ya yi musabaha. Kada ya je dubiya. Kada ya je jana'iza, kada ya zauna zaman makoki. Ya bar sahun gaba da ya shekara talatin yana tsayawa. Ya rufe fuska kamar wanda ya yi abin kunya. Kai da ke Abuja, da aka sa dokar kulle a ƙarshen Maris na shekarar, ka koma aiki ta kwamfuta, albashi yana shigowa. Shi kuwa, waɗannan abubuwan su ne aikinsa, su ne dattakonsa. Zumunta a ƙafa take. Mutumin da ya binne abokansa ɗaya bayan ɗaya yana lissafin waɗanda za su zo tasa, ka ce masa kada ya raka aminin ƙuruciyarsa makwanci? A wurinsa gara ciwon da a ce wane bai zo ba. Wani dattijo a Gangare ya taɓa ce min, yana murmushi, "Likita, kai tsoron mutuwa kake yi mini, ni kuwa tsoron in mutu ban fita haƙƙin mutane ba nake yi." Ban sami abin ce masa ba a ranar.

Sai kuma rashin yarda da hukuma, wanda shi ma ba daga sama ya faɗo ba. A 1996 ɗin nan ta sanƙarau ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin gwajin da ya haɗa yara 200, 11 suka mutu, shari'a ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabon na cikin abin da ya hura wutar ƙin allurar shan inna a 2003. Da korona ta zo, talaka ya ga manya ne ke kamuwa, ya ce cutar masu hawa jirgi ce. Aka rufe jihar nan a watan Afrilu, aka ce tallafi yana tafe, mutane da yawa ba su gani ba, sai a watan Oktoba da jama'a suka fasa rumbun ajiya a Bukuru aka ga buhuna jibge. Bayan wannan, duk ma'aikacin lafiyar da ya shiga unguwa da maganar korona, kallon ɗan kwangila ake masa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Amma gaskiya ɗaya ce, cutar ta kashe mutane, kuma tsofaffi ta fi ɗauka. A Kano, cikin Afrilun 2020, masu haƙa kabari ne suka fara kokawa da yawan gawarwaki, yawancinsu dattawa. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da korona. Abu biyu ne suka tabbata tare: an ci amanar jama'a, kuma cutar gaskiya ce. In ka musa wa Baba na farko, ba zai saurari na biyu ba.

Maganar kwana da ya yi maka, kada ka yi gardama da ita, domin gaskiya ce, kuma kai ma ka yarda da ita. Abin da ya rage shi ne a cika ta. Ni ba malami ba ne, amma abin da ke cikin Bukhari da Muslim sananne ne: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Wanda ya fi taɓa matsalarmu ma shi ne na mai kuturtar nan da ya zo cikin tawagar Saƙifa don mubaya'a, aka aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma, ba tare da an haɗa hannu ba. Baba ya san waɗannan, wataƙila ya fi ka. Sai dai jin su daga bakinka daban, jin su daga bakin limamin masallacinsu daban. Ka je ka gai da liman, ka yi masa bayani, ka bar shi ya yi aikinsa. Ranar da liman ya ɗora hannu a ƙirji ya ce "a gafarce mu, sai annoba ta wuce," duk sahun gaba za su bi, ba wanda zai ji an wulaƙanta shi.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne kuskurenmu mafi girma. Mun mayar da riga-kafi jerin dokoki goma da ake karanta wa mutum ko wace cuta ce ta zo. Tsoho ba zai riƙe goma ba, kai ma ba za ka riƙe ba. Kowace annoba tana da ƙofarta, a tsare wannan ƙofar, a ƙyale masa sauran rayuwarsa.

Kwalara ta baki take shiga, daga ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Takunkumi ba ruwansa da ita, jam'i ma ba ruwansa da ita. Damina ce lokacinta, sa'ad da ruwa ke wanko masai da kwata ya zuba a rijiyoyin unguwanni masu cunkoso. A 2021 mutum sama da 100,000 ake zaton sun kamu a ƙasar nan, sama da 3,000 suka mutu. Abin da za ka tsaya a kai shi ne ruwan da Baba ke sha da wanda yake kurkure baki da shi. Wannan na biyun mutane suna mantawa. An saya masa ruwan leda na sha, amma butarsa daga rijiya ko jarkar ɗan garuwa ake cika ta, sau biyar a rana yana kai wa baki. A tafasa, ko a sa sinadarin kulorin da ake sayarwa a kemis daidai yadda aka rubuta a jiki, a jira rabin awa. Randa ta samu murfi da moɗa mai dogon hannu wadda ba a sha da ita. Kwanon wanke hannu da ake zagayawa da shi kafin tuwo a daina, a zuba wa kowa daga buta da sabulu. A nan dattijo yana da sa'a, shi ake fara miƙa wa kwanon, jikoki ne ke samun ragowar dauɗa, don haka in ka ce masa don yara ne zai fahimta. Latas da kabeji da karas na Farin Gada, lokacin ɓarkewa a dafa su ko a haƙura. Zoɓo da kunun zaƙi na ƙulli da ake kawo masa majalisa, su ma a dakata.

Lassa kuwa ɓera ne, fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, daga nan sai jini da sauran ruwan jikin mara lafiya. Ta fi tashi da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Wannan aikin naka ne, ba na Baba ba. Ka sayi robobi masu murfi a juye gari da shinkafa da wake, a toshe ramuka da siminti, a kau da tarkacen da ke bayan ɗaki, a daina barin ragowar tuwo a buɗe don ɗumame, a daina shanya a ƙasa. Mage ma tana da amfani. In an kashe ɓera kada a ɗauka da hannu, kuma ɗakin ajiya a yayyafa ruwa mai bilic kafin shara don ƙura kada ta tashi. Duk wannan ba ya bukatar Baba ya yarda da komai. Mafi yawan kariyar tsoho haka take, gyaran gida ce, ba gyaran ra'ayinsa ba.

Cututtukan numfashi, irin korona da mura mai tsanani da sanƙarau da mashaƙo, su ne suka fi wuya, domin su ne ke taɓa cuɗanya. Kuma sanyin Jos yana ƙara mana matsala. Daga Disamba zuwa Janairu kowa ya toshe taga da tsumma, an kunna gawayi a kasko, mutum takwas a ɗaki ɗaya suna shaƙar numfashin juna. Gawayin kansa a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da wata annoba ba. A ƙara masa bargo da safa da hular sanyi, a bar taga ɗaya a ɗan buɗe. Masallaci, maimakon ka ce ya daina zuwa, ka roƙe shi ya tsaya kusa da ƙofa ko taga ko a harabar waje, da dardumarsa da butarsa, in an sallame ya fito. Jana'iza, sallar da rakiyar a fili ake yi, haɗarinsu kaɗan ne. Inda cuta ke yaɗuwa shi ne zaure ko falon da ake cunkushewa kwana uku ana gaisawa hannu da hannu, da motar da ake matsuwa a ciki zuwa maƙabarta. Ya je ya yi salla, ya yi ta'aziyya a tsaye, ya dawo. Ya fita haƙƙi, ya kuma rage haɗarin da yawa. Da a ce "kada ka je" ya tafi ya wuni, gara a ce "je ka dawo da wuri" ya ji.

Takunkumi kuwa, ka tambaye shi abin da ya sa ya ƙi. Za ka sha mamaki. Wani tabarau ne ke yi masa hazo har ya kasa ganin hanya. Wani kunnensa ya yi nauyi, da leɓen mutane yake gane magana, in kowa ya rufe baki ya zama kurma. Wani igiyar ce ke yanka masa bayan kunne, wani kuma goro ne kawai. Kowanne yana da magani in an sani. Kuma ba a ko'ina ake bukatarsa ba: cikin mota, asibiti, banki, rufaffen taro.

Ga wata magana da ba za ta yi maka daɗi ba. Tsohon da ke zaune a gida, yawanci ba shi ke fita ya ɗauko cuta ba, kawo masa ake yi. Jikan da ya dawo daga makaranta da majina ya haye cinyarsa. Ɗan da ke wuni a Taminus ko kasuwar Katako. Da kai kanka, da za ka taso daga Abuja ranar Juma'a cikin mota mai mutum bakwai, gilasai a rufe, ka zarce ɗakinsa ka durƙusa gab da fuskarsa. Matashi yana ɗauke da ƙwayar cuta yana yawo garau, ita Lassa ma kusan 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa jin wani ciwo mai tsanani. In kana tari ko zazzaɓi lokacin annoba, ka ɗaga tafiyar, ko ka gaishe shi a tsakar gida da takunkumi a fuskarka. Zai fi saurin koyi da abin da ya ga kana yi don shi fiye da abin da kake turowa.

Ban ji ka ambaci Hajiya ba, kuma ita ce ta fi damuna. A kowane gida, in ciwo ya shigo, tsohuwa ce ke jinya. Ita ke goya jikan da ke amai, ita ke wanke fo da zanen gado, ita ake kira in maƙwabciya tana naƙuda, ita ake kira wankan gawar mata. Babu wanda ke taɓa ruwan jikin mara lafiya kamarta, kuma babu wanda ake mantawa da shi a wayar da kai kamarta, domin ba ta majalisa, ba ta Juma'a. Na taɓa karɓar wata dattijuwa da aka kawo a sume cikin damina. Jikanta ne ya fara gudawa, ta kwana biyu tana ɗawainiya da shi, yaron ya miƙe. Da nata ya fara sai ta ɓoye, kunya ta hana ta gaya wa surukarta cewa tana zawo. Ta rage shan ruwa don kada ta yi ta zirga-zirga zuwa bayi a gaban mutane. Lokacin da aka ankara idanu sun faɗa, fatar hannu in ka ja ba ta komawa, jijiyar da za a sa ƙarin ruwa sai da muka sha wuya. Allah ya yi da sauran kwana ta tashi, amma ƙodarta ba ta koma daidai ba. Ka saya wa Hajiya safar hannu ta roba, da bilic, da sabulu, ka sa wata 'yarta da take sakewa da ita ta riƙa tambayarta lafiyarta a keɓe. Wankan gawa kuwa, in ana zaton kwalara ko Lassa ce ta yi ajali, a bar ma'aikatan lafiya su jagoranta. Ana iya yin sutura da salla yadda addini ya tanada ba tare da an jefa masu wanka cikin haɗari ba.

Wannan ya kawo mu giɓi na biyu. Jikin tsoho ba ya ihu. Garkuwar jiki tana raguwa da shekaru, ciwon suga yana ƙara raunana ta, don haka ciwo mai tsanani zai iya kama shi jikinsa bai yi zafi sosai ba. Jin ƙishi ma yana raguwa, sai ruwan jikinsa ya ƙare bai nemi ruwa ba. Abin da za a sa wa ido shi ne canji. Mutumin da ba ya fashin asuba ya kasa tashi. Ya bar abinci. Yana rikita sunayen jikoki, ko yana barci da rana fiye da kima, ko ya faɗi, ko fitsari ya ragu, ko yana haki daga ɗaki zuwa bayi. Mu kan ce "jikin tsufa ne," mu jira kwana uku. Waɗannan kwana ukun su ne ke raba wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba. Kwalara tana iya kisa cikin awoyi, amma in an mayar da ruwa da wuri, waɗanda ke mutuwa ba sa kai ɗaya cikin 100. Maganin Lassa, ribabirin, ya fi aiki in an fara shi cikin kwana shida na farko. Saboda haka zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, musamman da ciwon maƙogwaro ko amai ko ciwon ƙirji, ba na komawa kemis a canza allura ba ne. A tafi babban asibiti, JUTH a Lamingo ko Plateau Specialist ko Jankwano, a faɗa wa likita da baki cewa ana tsoron Lassa. Kada a jira ganin jini, wannan alamar ƙarshe ce kuma ba kowa ke yin ta ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tana da lambar kira kyauta, 6232.

A ajiye ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da suga na mayar da ruwan jiki, a gida tun kafin a bukace shi. Ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar ruwa biyu. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na suga da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, a shafe bakin cokalin, kada a yi tozo. Za a ce maka mai hawan jini da suga ba ya shan gishiri da suga. A hali na gudawa yana sha, domin abin da ya fita ake mayarwa, wannan ba irin ruwan gishirin 2014 ba ne. A fara ba shi a gida, a ci gaba a mota, kada a tsaya. Sannan a tafi da duk magungunansa a leda a nuna wa likita, domin wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari, da metfomin na suga, akan dakatar da su in ruwan jiki ya ƙare. Likita ne zai yanke wannan, ba ɗan kemis ba. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da tsofaffi ke sha kamar gyaɗa saboda gwiwa, a ɓoye su a irin wannan lokaci, suna lalata ƙoda kuma suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa.

Za ka tambaya, citta da kanumfari da lemon tsami da habbatus sauda da tazargade fa? Ni ba na faɗa da shayin citta. Yana ɗumama jiki, yana sa tsoho ya sha ruwa, kuma yana ba shi jin cewa shi ma yana yin wani abu. Ba ya kashe ƙwayar Lassa ko ta kwalara, iyakar maganar ke nan. Sharaɗina biyu: kada ya maye gurbin maganin hawan jini da na suga, kada kuma ya jinkirta zuwa asibiti. Sirace kuwa a yi hattara, na ga tsofaffin da jiri ya ɗebe su suka kife da tukunya. Haɗe-haɗen da ake sayarwa a jarka ba a san abin da ke ciki ba, waɗannan kam ina hanawa.

Allurar riga-kafi, ka tuna masa abu ɗaya cikin raha. In ya sauke farali, to ya miƙa hannu an yi masa allurar sanƙarau a sansanin alhazai ba tare da musu ba, domin Saudiyya ba ta barin mahajjaci ya shiga sai da ita. Lambar da ke dantsensa ma riga-kafi ce, ita ta raba shi da agana. Ashe ba allura yake ƙi ba, wanda ya kawo ta ne bai yarda da shi ba. To a nemo wanda ya yarda da shi. Likitan da ke duba masa hawan jini shekara da shekaru ya fi kowane talla a rediyo. In ya ce a'a, kada a yi masa dabara ko a ɓoye masa, ranar da ya gano ka rasa amanarsa a kan komai.

Saƙonnin WhatsApp ɗin nan, ka rage su. Ka san a wannan wayar wasu ke turo masa muryar wani da ke rantsuwa cewa an ƙirƙiro cutar ne don a rage mu, kuma nasu ya fi naka daɗin saurare. Ka je da kanka. Ka bari sai bayan la'asar ya natsu, ba a gaban ƙannenka ko surukai ba, domin dattijo ba ya sauka daga magana a gaban yara. Ka tambaye shi yadda aka yi da agana, da yadda dubagari ke yi, ka bar shi ya ba ka labari har ya gaji. Sannan ka ce, "Baba, ciwon nan da ake faɗa, yaran gidan nan nake ji wa tsoro, kuma in ba kai ka yi magana ba babu mai ji." Ka ɗora masa tsaron gidan. Wanda aka ce ya kare kansa zai ce kwana ne, wanda aka ce ya kare jikokinsa zai sa a kawo buta da sabulu ƙofar zaure, ya zauna yana tsare kowa. Na ga wani a Rikkos da ya kori ɗansa magidanci ya koma ya wanke hannu kafin ya shigo, shi da wata biyu kafin nan yake cewa duk zancen banza ne.

A wannan zuwan ka nemi abu ɗaya tak a wurinsa, wanda ya dace da ciwon da ke gari a lokacin. In damina ce, ruwan butarsa. In rani ne, alƙawarin cewa zazzaɓi in ya kwana biyu zai bari a kai shi asibiti. Robobin hatsi da simintin toshe ramuka da ƙullin ORS da safar hannun Hajiya kuwa ka taho da su a mota, ba sai ka nemi izini ba. Kafin ka koma Abuja ka rubuta sunayen magungunansa da lambar mai motar da za a iya tasa da tsakar dare, ka manna a bayan ƙofar ɗakinsa, ka bar kuɗin mota da na kati a hannun wanda ke kwana a gidan.